Yadda takun ɓera ke nuna farfaɗowar jijiya bayan rauni

A karar dabbobi ta Illela, garin Jihar Sakkwato da ke kan iyaka da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar, gogaggen mai saye ba ya biyan kuɗin sa ko raƙumi sai an kora shi ya ga takunsa. Dabba ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo, amma ɗingishi yakan tona asiri. Wannan hikimar ce masana kimiyya suka mayar lissafi domin auna yadda jijiya ke warkewa a jikin ɓerayen gwaji.

Jijiyar da ake nufi ba ta jini ba ce. Ita ce mai kai saƙo tsakanin laka da gaɓoɓi. Wadda aka fi nazari a kanta ita ce sayatik, wadda ke bi ta ɗuwawu ta gangara ƙafa. Ita ce kan lalace idan allurar ɗuwawu ta kauce wa muhallinta, ko a haɗarin babur, har mutum ya koma jan ƙafa. Kafin a gwada sabon magani ko salon tiyata a kan mutum, sai an ga tasirinsa a kan ɓera.

A 1982, de Medinaceli da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin aikin wannan jijiya ta hanyar sawun ɓera, sannan Bain da Mackinnon da Hunter suka gyara lissafin a 1989. Hanyar da ta yaɗu ita ce a shafa wa ɓera tawada a ƙafafun baya, ya taka takarda, a auna tsawon sawu da tazarar yatsu. Ƙafar da jijiyarta ta lalace takan bar dogon sawu, yatsunta a tsuke. Maki 0 na nufin lafiya lau, -100 kuwa aikin jijiya ya tsaya cak. Sai dai tawada kan dame, hannun mai awo kuma kan kuskure.

Daga baya kwamfuta ta shigo. A na'urar CatWalk, wadda Frank Hamers ya ƙirƙiro a ƙasar Holan, ɓera na tafiya a kan gilashin da aka cusa wa koren haske. Duk inda tafinsa ya taɓa sai ya haskaka, kyamarar da ke ƙasa ta ɗauka. Manhaja ce ke lissafa faɗin sawu, da daɗewar ƙafa a ƙasa, da tsawon taku, da yadda ƙafafu huɗu ke karɓa-karɓa. Ana maimaita awon mako-mako, a ga ko ƙafar na komawa daidai.

Duk da haka, na'urar ba ta wadatar ita kaɗai. Saurin ɓera na sauya sakamako, wani ma kan gwaguye yatsun da suka daina ji. Shi ya sa ake haɗawa da gwajin lantarki da duba jijiyar a madubin likita.

Binciken na koyar da haƙuri. A jikin mutum, jijiya na tsirowa da kimanin milimita 1 a rana, tsokar da ta daɗe tana jira kuwa takan shanye. Saboda haka yaron da ya fara jan ƙafa bayan allura na buƙatar ganin likita da wuri, domin a fara gashin ƙafa tun tsokar tana da ƙarfi.