Ƙwanƙwasa A Gaban Mota: A Bincika Tun Kafin Jigilar Kaka

Daga Malamin Gona

Manoma 'yan'uwa, ga damina ta ja jiki, masara ta bushe a kan kara, shinkafar fadama kuwa ta sunkuya. Nan da 'yan makonni babu abin da za a riƙa nema daga Bebeji har Doguwa kamar mota. Saboda haka a wannan mako za mu ɗan ajiye zancen taki da rumbu, mu duba wani ciwo na mota wanda kusan kowa ya taɓa ji da kunnensa, watau ƙwanƙwasar nan da ke fitowa daga ƙafafun gaba, ƙwal-ƙwal, duk sa'ad da taya ta faɗa rami.

Watakila wani ya ce ina ruwan malamin gona da kanikanci? To, amfanin da bai kai kasuwa ba, nomansa bai ƙare ba. Yau manoma da yawa suna da mota tasu, ko ta ƙungiya, wanda ba shi da ita kuwa haya ya ke ɗauka. Tun daga tsofaffin Peugeot 504 masu buɗaɗɗen baya, irin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Kaduna da aka buɗe cikin 1975, har zuwa Hilux da Golf, su ne jakunan wannan zamani. Su ke fito da masara daga ƙauyukan Doguwa da Tudun Wada, su ke kai hatsi Kwanar Dangora da Dawanau, su ne kuma ke ɗaukar tumatir da albasar rani tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974.

Hanyoyin nan kuwa kun san su. Burji ne da ruwa ya zaizaye, da kwalbatin da bakinsa ya zube, da duwatsu wajen Riruwai. Sa'an nan ga hanyar da ta ratsa dajin Falgore ta nufi Saminaka, inda mutum zai yi doguwar tafiya bai ga gareji ba. Ƙafar mota ta kwance a irin wannan wuri da buhu goma a baya, ai ba kuɗin gyara kaɗai a ke magana ba, rayuka ne.

Yadda ƙafar mota ta ke

Ku ɗauki ƙafar mota kamar ƙafar sa. Akwai wani hannu na ƙarfe a ƙasa wanda ya riƙe taya, makanikai suna kiransa lowa-am. Inda ya haɗu da jikin mota an sa masa roba mai kauri, ita ce bushin, aikinta kamar guringuntsi ne, tana hana ƙarfe ya ci ƙarfe. Inda ya haɗu da wajen taya akwai wata gaɓa mai dunƙulen kai da ke juyawa cikin ƙoƙo, ana ce mata boljoyin. Ita ce gwiwa. Sandar da ke kawo juyin sitiyari zuwa taya ita ce tayarod, ita ma tana da ƙaramar gaɓa a bakinta. Sifirin ne ke ɗauke da nauyi, shokozoba kuwa shi ke hana mota yin ta tsalle bayan ta taka rami. Akwai kuma wata sanda da ta gitta daga hagu zuwa dama don kada mota ta karkata a kwana, an ɗaure ta da waɗansu 'yan sanduna biyu, makanikai suna ce musu linkej. A tsakiyar taya akwai boris.

Duk waɗannan an yi su ne su motsa ba tare da sako-sako ba. Ƙwanƙwasa ba kome ba ce illa wata gaɓa da ta saki, ƙarfe yana bugun ƙarfe. Aikinmu shi ne mu gane wace ce, tun kafin a fitar da ko kwabo.

Na ce tun kafin a fitar da kuɗi domin na taɓa ƙonewa. Shekarun baya motar wata ƙungiyar manoma da na ke aiki da ita ta soma wannan ƙara. Muka kai wa wani makaniki, ko leƙawa bai yi ba ya ce shokozoba ne. Muka sayar da masara muka sayo guda biyu, aka ɗaura. Ba mu yi nisa da garejin ba sai ga ƙwal-ƙwal ta dawo. Daga baya wani dattijon direba ya kwanta a ƙarƙashi, ya kama 'yar sandar linkej ya girgiza, ashe robarta ce ta cinye. Abin da bai kai kuɗin tiyar masara kaɗan ba, shi ya ci mana buhuna. In sanka yana ɗingishi, kofato za ka fara dubawa ko ya taka ƙaya, ba ka fara da kiran mahauci ba.

A fara da kunne

Ka sauke kaya duka, ka fitar da jak da sifana da fartanya da galan da ke gungura a ƙarƙashin kujera, gama sau da yawa su ne masu ƙarar. Ka duba notocin taya ko sun ɗauru. Ka girgiza salansa, bayan ta huce, ka ji ko tana bugun jikin mota. Sa'an nan ka sami hanya mai gargada wadda ba kowa, ka sauke gilashi, ka tafi a hankali, ka lura da lokacin da ƙarar ke zuwa.

In ƙarar ƙanana ce, tana zuwa a jere a kan ƙananan ramuka, ta kuma ragu a kan kwalta mai santsi, a fi zargin linkej ko robobin sandar nan mai gittawa.

In bugu ɗaya ne mai nauyi, dum, lokacin da ka taka birki ko ka tashi mota, a fi zargin bushin na hannun ƙasa. Wani lokaci kuma notin abin da ya riƙe birki ne ya kwance.

In kana jin bugun a tafin hannunka ta cikin sitiyari, mota kuma tana yawo a hanya sai kana ta tare ta, a duba tayarod.

In ƙarar tana fitowa daga sama, kusa da gilashin gaba, ko sifirin yana yin ƙas in ka murɗa sitiyari a tsaye, a duba robar da ke kan shokozoba.

In kuwa ƙas-ƙas-ƙas ce a jere sa'ad da ka karya sitiyari gaba ɗaya kana tafiya, a motar da ke ja da ƙafar gaba irin Golf, wannan gaɓar shaf ce. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, kamar na injin niƙa daga nesa, shi kuma na boris ne.

Sa'an nan a sa hannu

Kunne zargi ya ke yi, hannu ke tabbatarwa. Wannan aiki na mutum biyu ne, ba ya kuma bukatar kome sai jak, da gungumen itace, da ƙarfen cire taya.

Na farko, mota tana ƙasa, ka danna kusurwar gaba da ƙarfinka ka saki. Lafiyayyen shokozoba zai bar ta ta taso ta tsaya. In ta yi ta lilo sau biyu sau uku, ya mutu. Ka leƙa jikinsa kuma, in ya jiƙe da mai har ƙura ta manne, ya zubar.

Na biyu, abokin aikinka ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, kai kuwa ka dafa gaɓar tayarod. In ta saki za ka ji tana tsalle a hannunka kafin taya ta motsa.

Na uku, a ɗaga ƙafar. A nan ina roƙonku, ku sami wuri mai tauri wanda ba gangara, ku ja birkin hannu, ku tokare tayoyin baya da dutse, ku kuma sa gungume a ƙarƙashin shasi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, balle a kan ƙasar da ta sha ruwa. Bulo na siminti ma ba abin amincewa ba ne, ya kan fashe ba sallama.

Taya tana sama, ka kama ta da hannu ɗaya a bisa ɗaya a ƙasa, ka girgiza ciki da waje. In ka ji motsi, to, boljoyin ne ko boris. Ga yadda za ka raba su: abokinka ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. In motsin ya ɓace, boris ne. In yana nan, boljoyin ne. Sa'an nan ka kama ta gefe da gefe, ka girgiza. Motsi a nan na tayarod ne. Ka juya tayar kuma da hannu ka saurara, lalataccen boris ya kan yi gurnani.

A lura, waɗansu motoci sifirinsu a kan hannun ƙasa ya ke zaune. Irin waɗannan, ƙarfin sifirin ya kan matse gaɓar ta ɓoye sakinta, sai an sa jak a ƙarƙashin hannun nan kafin a gane.

Na huɗu, ka sa bakin ƙarfen taya kusa da kowane bushin ka ɗan banƙara. Lafiyayyar roba za ta ba da kai kaɗan ta koma. Wadda ta tsattsage, ko ta rabu da ƙarfenta, ta gama aiki. Ka kama linkej ka girgiza. In kana shakkarsa, a kwance shi, a ɗaure sandar da waya yadda ba za ta taɓa kome ba, a ɗan zaga a hankali. In ƙarar ta ɗauke, an kama ɓarawo. A mayar da sabo kafin a hau babbar hanya.

Na biyar, ka karanta tayar kanta. Wadda ta cinye ta gefe ɗaya tana nuna ƙafa ta karkace. Wadda ta cinye tudu da kwari tana nuna shokozoba ba ya riƙe ta a ƙasa.

Wanne ke jira, wanne ba ya jira

Linkej da robobin sanda suna da damu, amma suna iya jiran ranar kasuwa in ana tafiya a hankali. Boljoyin da tayarod ba su jira ko kwana ɗaya. In boljoyin ya fita daga ƙoƙonsa, taya ta kan kwanta nan take, gaban mota ya daki ƙasa. In tayarod ya rabu, sitiyari ya zama banza a hannun direba. Wanda ya ji saki a waɗannan biyu, ya ajiye mota, ko da an riga an yi ciniki da masu saye.

Wajen gyara ga abin da za ku tsaya a kai, ku kuma tsaya a gareji ku gani da idonku.

Gaɓar da ta saki canza ta a ke yi. Akwai masu bubbuga ƙoƙon da guduma don ya matse, ko su cusa masa guntun roba, ko su yi masa walda. Ƙarar za ta yi shiru kwana kaɗan, amma ƙarfen da ya cinye bai dawo ba, an dai rufe wa mara lafiya baki ne. Araha ba ta ado.

In za a sayi na hannu a Kofar Ruwa ko wani wuri, a murɗa kan gaɓar da hannu. Ta kirki tana da tauri, wadda ke lilo ta riga ta tsufa a motar wani. A duba 'yar robar da ta rufe ta kada ta kasance a yage.

Shokozoba a canza hagu da dama tare. Notocin bushin kada a ƙarasa ɗaure su sai an sauke mota ta tsaya da ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta yage da wuri. Notin da a ke soke wa 'yar ƙusa mai baki biyu, a sa masa sabuwa. Bayan an taɓa tayarod ko hannun ƙasa, lalle a kai mota a daidaita ƙafafunta, watau alaimen, don kada sabuwar taya ta cinye kafin rani.

Abin da ke kawo ciwon

Abu uku ne: ƙura da ruwa, da gudu a kan gargada, da lodi. Kowace gaɓa tana da 'yar rigar roba da ke tsare giris a ciki. In ta yage, ruwan rafi da jar ƙurar burji su shiga, su haɗu da giris su zama kamar dutsen wasa wuƙa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku riƙa leƙa robobin nan, ku wanke laka bayan damina, tsofaffin motoci masu bakin shan giris kuwa a riƙa ba su.

Batun lodi, buhun masara kilo 100 ne, buhu goma tan guda ke nan. Ƙaramar mota irin Golf an gina ta ne don mutum biyar da 'yan jakunkunansu, nauyin da bai fi na buhu biyar ba. In aka danƙara mata ninkin haka, duk sa'ad da aka taka birki a bakin rami nauyin nan gaba ya ke zubowa, a kan gaɓoɓin da muka ambata. Sawu biyu da lafiya ya fi sawu ɗaya da kwana a daji.

Kai kuma mai ɗaukar haya, kada ka ji nauyin tambaya. Kafin a ɗora hatsinka, zaga motar, dubi tayoyin gaba, shiga ku ɗan taka ka saurara. Guminka na wata biyar ne za a ɗora, kai ko ɗanka kuma za ku zauna a gaba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rabin yini a gindin bishiya da jak da gungume ya isa a gama duk binciken nan, tun makanikai ba su cika da aiki ba. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu koma kan shanya masara da tsare ta daga ƙwari. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kai mu kasuwa ya dawo da mu lafiya, amin.