Gwajin Ƙwayoyin Cuta a Gida: A Yi Tambaya Kafin a Biya Kuɗin Kwas

Tun kafin annobar korona wasu kwalejojin Amurka ke koyar da ilimin ƙananan halittu ta intanet, amma rufe makarantu da aka yi a 2020 ne ya sa abin ya bazu. Ɗalibi zai yi rajista, kamfani irin su Carolina ko Science Interactive ya aiko masa da kwali ɗauke da farantan Petri, da abincin da ake renon ƙwayoyi a kansa, da rini, da safar hannu, wani lokaci har da na'urar hangen ƙananan halittu. Ya yi gwajin a gida, ya ɗauki hoto, ya tura wa malami. Da yawa daga masu ɗaukar kwas ɗin masu neman shiga makarantar aikin jinya ne, kuma tallansa na iya isa wayar duk matashin da ke burin karatun nas a ƙasar waje. Kwas ɗin ba damfara ba ne. Sai dai kwali yana kawo kayan aiki ne kawai, ba ya kawo malamin da ke tsaye a kan ɗalibi, kuma daga wannan giɓin ne haɗarin lafiya da na asarar kuɗi suke fitowa.

A ɗakin gwaje-gwaje na makaranta, rabin darasin horo ne: ba a ci, ba a sha, ba a taɓa fuska, ba a fita da rigar aiki, kuma duk farantin da aka gama da shi sai ya shiga na'urar da ke kashe ƙwayoyi da tururi mai zafin digiri 121 na aƙalla minti 15. Ko da wannan tsaron ana samun kuskure. Tsakanin 2010 da 2011, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta gano mutum 109 a jihohi 38 da suka kamu da ƙwayar Salmonella mai alaƙa da ɗakunan gwaji na makarantu da na asibitoci, mutum ɗaya ya rasu. Cikin waɗanda suka kamu har da yaran da ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba, a gida suke zaune da masu karatu ko aiki a can. Hukumar ta gargaɗi ɗalibai da su daina shiga da waya da makulli da biro ɗin da za su koma da su gida. To, idan haka ta faru inda akwai mai sa ido, ina ga inda teburin gwaji shi ne teburin cin abinci, wayar da ake ɗaukar hoto da ita kuma ita ce ƙanne ke wasa da ita da yamma?

Wani zai ce ai kamfanonin ba sa aiko da ƙwayoyi masu haɗari. Gaskiya ne, galibi suna aiko da na mataki mafi sauƙi, kamar yis ɗin burodi, ko ƙwayar da ke sa madara ta yi tsami, ko nau'in E. coli da ba ya sa cuta. Amma matsalar tana farawa ne lokacin da aka shafa auduga a mariƙin ƙofa, ko cikin hanci, aka goga a faranti. Babu wanda ya san abin da aka ɗebo. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da Staphylococcus aureus a hancinsa ba tare da ya sani ba, kuma ƙwaya irin E. coli na iya ninka kanta cikin minti 20 idan yanayi ya yi mata daidai. Bayan kwana biyu, kowane ɗigo mai launin madara da ya tsiro a farantin miliyoyin ƙwayoyi ne, zafin ƙasashenmu kuwa yana kusa da digiri 37 da ƙwayoyin jikin mutum suka fi so. Saboda haka irin wannan faranti a liƙe murfinsa, kada a buɗe, kada a shinshina, kada ya kwana a firijin abinci. Kafin a zubar, a jiƙa shi cikin ruwan bilic gwargwadon yadda littafin kwas ya faɗa. Gidan da ke da mai juna biyu, ko jariri, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, a sanar da malami tun kafin a fara.

Akwai kuma masu cewa ilimi ilimi ne, ko a ina aka same shi. Ta fuskar karatu, haka ne: rinin da Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884, wanda ke raba ƙwayoyi gida biyu, ana iya fahimtarsa a ko'ina. Amma hannu ba ya ƙwarewa sai da mai gyara. Ɗalibin da ya zuba ruwan wanke rini fiye da ƙima zai ga ƙwayar da ya kamata ta fito shuɗi mai duhu ta fito ja-ja, ya rubuta amsar da ba daidai ba, kuma hoto ba zai nuna wa malami inda hannun ya kauce ba. Shi ya sa makarantun jinya da na likitanci a Amurka suka rabu: wasu na karɓar gwajin gida, wasu sai wanda aka yi gaba da gaba. A Najeriya ma, aikin gwajin asibiti yana ƙarƙashin hukumar MLSCN ne, kuma takardar kwas guda ba ta ba kowa lasisin duba jinin mutane.

Wanda nisa ko aiki ko renon yara ya hana shi zuwa aji, wannan hanya na iya yi masa rana, amma tambaya tana gaba da biya. A rubuta wa makarantar da ake son shiga, ta tabbatar a rubuce cewa tana karɓar wannan kwas ɗin daga wannan kwalejin. A bincika ko kwalejin na da amincewar hukuma, ko kuɗin kwalin na cikin kuɗin makaranta, ko kamfanin na aikawa ƙasar da mutum yake, domin ƙwayoyi masu rai ba sa tsallaka iyaka yadda littafi ke yi. Sannan a duba gidan: akwai wuri mai ƙofa da yara ba sa shiga? Idan ɗaya daga cikin amsoshin nan ta zama a'a, a riƙe kuɗin, a nemi makarantar da ke da ɗakin gwaji.