Amsoshin Wasiƙunku: Jarumin taurari, a ƙone littafinsa ko a bari?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Lafagu, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi. Mai wasiƙar ya ce ƙaninsa da ke fatauci tsakanin Tsamiya da Segbana ta Jamhuriyar Benin ya kawo wa yaran gida tarin littattafai masu zane-zane, da Faransanci, na wani ƙato mai jar alkyabba da ke tashi sama har cikin taurari. Ba a yi mako ba sai ɗansa ya ɗaura zanen uwarsa a wuya, ya diro daga katanga, ya gurɗe ƙafa. Tambayarsa biyu ce: shin akwai irin wannan mutum? Kuma ya ƙone littattafan ko ya bari?

Tun da muka karanta wasiƙar a iska, ra'ayoyi suke ta shigowa. Wani dattijo daga Illo ya ce ƙarya ce zalla, a cinna musu wuta. Wata malamar firamare daga Ka'oje ta ce da irinsu ta ga yaron da ba ya son karatu ya fara haɗa baƙi. Wani matashi daga Kamba kuwa cewa ya yi ai Turawa sun je wata, don haka me zai hana a ce gaskiya ne?

To, malam, da farko dai Allah ya ba yaro lafiya. Bisa kwatancen da ka yi, wannan jarumi Superman ne, kuma babu shi a duniya. Wasu samari biyu na birnin Cleveland a Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, su suka ƙirƙiro shi, ɗaya na rubutu ɗaya na zane, aka fara buga shi a 1938. Sun ce wai daga wata duniya mai suna Krypton aka turo shi yana jariri. Ita ma Krypton ɗin ƙagen su ce. Watau dai tatsuniya ce aka yi mata hoto, kamar yadda Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi, babu kuwa wanda ya taɓa zuwa neman kabarin Iliya.

Kai kuma ɗan'uwanmu na Kamba, ka faɗi rabin gaskiya. An je sama, amma a cikin kumbo. Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya fara zagaya duniya ran 12 ga Afrilu, 1961. A watan Yuli na 1969 Neil Armstrong ya taka wata, wanda nisansa da mu ya kai kilomita 384,000, bayan tafiyar kwana huɗu. Can sama babu iskar shaƙa. Mutumin da ya fita ba tare da rigar 'yan sama jannati ba, ba zai wuce daƙiƙa 15 ba sai ya suma. Taurari kuwa sun yi mana nisa ƙwarai. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka sai ya shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso mana daga tauraron da ya fi kusa da rana. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, in da can ya nufa, sai ya yi shekara fiye da 70,000 a hanya. To ina ga mai alkyabba?

Saura batun ƙonewa. Baba na Illo, ba kai ka fara wannan tunani ba. A Amurka kanta iyaye sun tara irin waɗannan littattafai sun ƙone a 1948. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana cewa su ke lalata yara, har majalisar dattawan ƙasar ta zauna a kai. Daga baya, a 2012, wata mai bincike, Carol Tilley, ta duba takardunsa ta gano ya murɗe maganganun yaran da ya yi hira da su. Littattafan kuwa ba su mutu ba, don a 2024 an sayar da kwafi ɗaya na fitowar farko ta Superman a kan dala miliyan 6, alhali santi 10 aka sayar da shi a 1938.

Kuma ba kowane ƙage ne banza ba. Hergé, mutumin Beljiyam, ya zana Tintin yana tafiya a kan wata a littafin da ya fito a 1954, shekara 15 kafin Armstrong. Mu ma nan gida, a 1969 aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a Zariya, labarin yaron da aka ɗauka aka kai yawo sararin samaniya, kuma an karanta shi a makarantunmu.

Ni dai da na taɓa riƙe alli kafin in zo gidan rediyo, ga shawarata. Kada ka ƙone. In ka ƙone, gobe zai gani a wayar abokinsa, kai kuma ba ka nan. Abin da ya jefo yaron daga katanga shi ne babu babban da ya zauna ya ce masa nan gaskiya ce, nan kuwa ƙarya. Sa ƙanin naka, tun da yana jin Faransanci, ya fara duba su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga akwai tsiraici ko zubar da jini fiye da kima, a ajiye shi gefe. Sauran ku karanta tare bayan an dawo daga makarantar allo. Ran da dare ya yi wasai, ka fito da shi tsakar gida ka nuna masa Zara da Kaza da 'Ya'yanta, ka gaya masa nisan wata. Ai lokacin da kaka ke mana Gizo da Ƙoƙi, takan rufe da cewa ƙaryarta ce, shi ya sa ba wanda ya hau yanar gizo.

A gai da mutanen Lafagu da na ƙetaren iyaka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.