Ƙwaryar Ƙarfe Mai Kiɗa: Maƙerar Mutum Biyu a Birnin Bern

Iyaye, malamai da 'yan'uwana ɗalibai, ina so in yi muku bayanin wani abin kiɗa wanda bai cika shekara talatin da ƙirƙirowa ba, amma amonsa ya zaga duniya, har rigimarsa ta kai gaban alƙali. Masu shi sun raɗa masa suna Hang, wato hannu ke nan a Jamusancin mutanen Bern ta ƙasar Suwizalan, domin da tafi da yatsu ake kaɗa shi, ba da makaɗi ba. Waɗanda suka kwaikwayi ƙirarsa daga baya su ne ke kiran nasu handpan.

Wanda bai taɓa ganinsa ba, ya ƙaddara ya sami ƙwarya biyu na ƙarfe, ya kifa ɗaya a kan ɗaya, ya manne bakinsu da gam. Faɗinsa santimita 52, tsayinsa 24. A tsakiyar ƙwaryar sama akwai wani ɗan tudu da suke kira Ding, shi ne mai murya mafi kauri. Kewaye da shi akwai gurabe bakwai ko takwas, kowanne da ɗan loɓawa a tsakiya, kowanne kuma da nasa amo. Ƙwaryar ƙasa rami guda gare ta, sunansa Gu. In aka bugi bakin ramin da tafi sai iskar ciki ta ba da wani gurnani, kamar yadda tulun kiɗa na Ibo, wato udu, yake yi. A kan cinya ake ɗora shi a kaɗa.

To, ina asalin wannan dabara? Ba a Turai ta faro ba. A tsibirin Tirinidad ne, inda jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka suke. Cikin shekarun 1880 Turawan mulkin mallaka na Ingila suka hana su kiɗan ganga a bukukuwa. Ai kuwa sai suka koma buga gora a ƙasa, daga nan suka koma kan gwangwanaye da garewani. Wajen shekarun 1940 sai suka gane cewa in aka loɓa gindin duron mai da guduma, aka rarraba shi gida-gida, kowane gida zai ba da muryarsa daban. Ellie Mannette na cikin waɗanda suka yi fice a wannan aiki. A 1951 wata ƙungiyarsu ta je London ta kaɗa durorin nan, daga nan kiɗan ya yi ta bazuwa a Turai.

Wani mutumin Bern mai suna Felix Rohner ya fara ƙera irin wannan duro tun 1976. A 1993 aka kafa kamfanin PANArt, daga baya Sabina Schärer ta shigo suka ci gaba tare. A 1999 wani makaɗi, Reto Weber, ya zo maƙerarsu da tulun kiɗa na Indiya da ake kira gatam, ya ce yana son irinsa na ƙarfe wanda zai riƙa ba da muryoyi da yawa, a kuma kaɗa shi da hannu. Daga wannan roƙo aka sami Hang a shekarar 2000, aka nuna shi a kasuwar baje kolin kayan kiɗa ta Farankfot a Jamus cikin 2001.

Yanzu bari in zo kan aikin kansa, don nan ne abin mamakin yake. Da farko ana matsa falanken ƙarfe har ya zama ƙwarya. Amma ƙarfe irin na duro laushi gare shi, yana tsatsa, kuma in an yi ta bugunsa muryarsa kan gushe. Saboda haka sai a sa ƙwaryar cikin tanderu mai tsananin zafi, a tura mata iska mai ɗauke da sinadarin nitirojin. Sinadarin nan ya kan ratsa ƙarfen ya ƙara masa tauri. Su Rohner sun ba wannan ƙarfe nasu suna Pang.

Daga nan sai guduma da kunne. Malamin kimiyya ya koya mana cewa sauti girgiza ce, kuma gwargwadon saurin girgizar, gwargwadon sirancin muryar. To, kowane gurbi a jikin Hang ba murya ɗaya ake nema daga gare shi ba, uku ake nema a lokaci guda. In uwar muryar tana girgiza sau 220 a daƙiƙa, dole ta biyu ta zama 440, ta uku 660, wato ninki biyu da ninki uku. Shi ya sa ake yin gurbin da siffar ƙwai, domin tsawonsa ke riƙe da murya guda, faɗinsa kuma ke riƙe da ɗayar. In ukun nan suka dace, sai ka ji amon yana ta yawo kamar na ƙararrawa. In ɗaya ta kauce ko da ƙanƙani, sai ka ji kamar an buga murfin tukunya.

Wahalar ita ce duka guraben a jikin ƙarfe ɗaya suke. Mai gurmi in tsarkiyarsa ta saki, ita kaɗai zai ɗaure, ba ruwan sauran. Shi kuwa maƙerin nan, da ya gyara gurbi na uku da guduma, sai na biyu da na huɗu su motsa. Ya koma ya gyara su, wani ya sake kaucewa. Haka zai yi ta zagayawa, ya buga, ya saurara, ya sake bugawa, wani lokaci ya mai da ƙwaryar cikin wuta don ƙarfen ya saki jiki ya zauna. Maƙeran yau suna da na'urar da ke nuna yawan girgiza, amma na'ura ba ta gaya wa mutum inda zai sa guduma, ko ƙarfin da zai sa. Wannan sai an shekara ana ɓata ƙarfe kafin hannu ya iya.

Ga aiki mai cin lokaci, ga masu yinsa mutum biyu, sai kuma intanet ta yaɗa hotunan makaɗa suna kaɗa shi a bakin titi. Masu nema suka yi yawa ƙwarai. Wani ɗan kasuwa da sai ya gina masana'anta ya ɗebi ma'aikata. Su kuwa sai suka yi akasin haka. Wajen 2006 suka daina ba dillalai, daga baya suka ce mai so ya rubuto wasiƙa, wanda aka amsa masa ya zo Bern da ƙafarsa. A 2008 har yarjejeniya mai saye ke sa wa hannu, cewa ba zai sayar da shi fiye da yadda ya saya ba. Ni dai a ganina sun yi daidai da suka ƙi sayar da abin da kunnensu bai gamsu da shi ba, ko da yake mutane da yawa sun rubuta wasiƙa ba su samu ba, kuma ransu ya ɓaci.

Da ƙofa ta ƙuntata, sai wasu maƙera suka shiga gwada nasu. A 2007 sunan handpan ya fito daga wata maƙera ta Amurka mai suna Pantheon Steel, kuma tun daga nan ƙananan maƙeru suka yi ta buɗewa a ƙasashe da yawa, galibi na mutum ɗaya ko biyu. A 2013 PANArt ta mai da hankalinta kan wani sabon abin kiɗa mai suna Gubal. Amma ba ta saki maganar Hang ba, ta ce siffarsa fasaharta ce, ba wanda zai kwafa sai da izini. Sauran maƙera suka haɗa kai suka ce abin kiɗa ne kamar goge ko ganga, kuma ai shi ma daga duron Tirinidad ya tsiro. A 2024 kotun kasuwanci ta Bern ta yanke hukunci cewa siffar Hang aikin fasaha ce wadda dokar haƙƙin mallaka ta kare. Wannan hukunci ya shafi abincin maƙera da yawa da ke bugun ƙwaryar ƙarfe mai tudu a sama da rami a ƙasa.