Wayar Salula da Ladabin Kallo a Wasan Kwaikwayon Ɗalibai

Wasan kwaikwayo na dandamali, wato wanda ake gabatarwa kai tsaye a gaban jama'a ba tare da kyamara ta shiga tsakani ba, ya sha bamban da fim ta wajen dangantakar da ke tsakanin mai yi da mai kallo. Ɗan wasan da ke cikin fim ya riga ya gama aikinsa tun watanni da suka wuce, saboda haka ko an yi surutu ko waya ta yi ƙara a gidan kallo babu abin da zai same shi, amma wanda ke tsaye a kan dandamali yana ganin fuskokin mutanen da ke gabansa, yana jin tarinsu da motsin kujerunsu, kuma duk abin da suka yi yana shiga cikin wasan nan take, ya gyara shi ko ya ɓata shi. Wannan ne ya sa halayyar 'yan kallo ta zama wani ɓangare na sana'ar kanta, kuma inda rashin ladabinsu ya fi yin ɓarna shi ne wasannin da ɗalibai ke gabatarwa a jami'o'i da kwalejoji da makarantun sakandare.

Abin da yawancin masu zuwa kallo ba su lura da shi ba shi ne, a sassan koyar da wasan kwaikwayo irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na Jami'ar Bayero a Kano, da na Jami'ar Jos, wasan da ake gayyatar jama'a su kalla sau da yawa jarrabawa ce ta aikace, wadda malamai ke zaune a cikin taron suna ba da maki a kanta. Ana auna wanda ya ba da umarni, da waɗanda suka hau dandamali, da mai kula da fitilu, da mai shirya tufafi da kwalliya, kowa a kan aikinsa. Ɗaliban sukan shafe makonni suna atisaye bayan an tashi daga lacca, sukan haɗa kuɗi daga aljihunsu don sayen katako da fenti da yadi ko man janareta, kuma bayan duk wannan wahala wasan yakan hau dare ɗaya ne ko biyu, ya wuce. Wanda ya rubuta jarrabawa a takarda yana iya soke layin da ya yi kuskure ya sake, amma ɗalibar da ƙarar waya ta sa maganarta ta kuɓuce mata a tsakiyar fitowa ba ta da damar cewa a koma baya. Ƙwararren ɗan wasa da ya shekara ashirin a kan dandamali ya san yadda zai ɗan dakata ya bar ƙarar ta wuce, sannan ya ci gaba kamar ba a yi ba. Wanda yau ne karonsa na farko a gaban mutane ɗari biyu bai kai ga wannan ba, koyon sa ma ya zo yi.

Wayar salula ta bazu a Nijeriya ne daga shekarar 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki, ke nan kusan duk ɗaliban da ke jami'a a yau ba su taɓa sanin zaman taro babu waya a aljihu ba. Illarta ga wasa kuwa ba ta tsaya ga ƙarar kira ba, ko da yake ita ce aka fi kokawa a kai. Magana a dandamali tana tafiya ne bisa alamomin shiga, wato kalma ko motsin da ɗan wasa ke jira daga abokinsa kafin ya faɗi nasa, kuma mai fitila da mai sauti su ma waɗannan alamomin suke saurare, don haka idan ƙara ta rufe kalma ɗaya, mutum uku ko huɗu na iya rikicewa a lokaci guda. Shirun da marubuci ya tanada da gangan, kamar dakatawar uwa kafin ta amsa mummunan labari, shi ne ya fi saurin lalacewa, domin ba a iya maido da shi idan waƙar kiran waya ta ratsa shi taron ya fashe da dariya. Akwai kuma matsalar haske. Idon ɗan Adam yana ɗaukar mintuna kafin ya saba da duhu, kuma ana kashe fitilun wajen zama ne don hankalin kowa ya koma wuri ɗaya, sai ga shi fuskar waya guda da aka kunna don duba saƙo tana jan idon duk waɗanda ke bayanta da gefenta, tana kuma ɓata duhun da ake buƙata lokacin sauya kayan dandamali tsakanin fitowa da fitowa. Ko wayar da aka kashe wa murya ba ta kuɓuta ba, domin idan tana kusa da na'urar sauti takan haifar da irin gurnanin nan da ake ji a rediyo ko lasifika gab da shigowar kira.

Ɗaukar bidiyo ya fi waɗannan duka nauyi, kuma shi ne wanda masu yin sa suka fi ɗauka a matsayin nuna ƙauna. Ɗalibin da ya san ana ɗaukar sa yakan daina yin wasa don mutanen da ke gabansa, ya koma tsoron yadda zai fito a WhatsApp ko TikTok, alhali makaranta wuri ne da ya kamata a bar mutum ya gwada ya yi kuskure. Abin ya fi tsanani ga 'yan mata a ƙasar Hausa, inda har yanzu mutane da dama ba sa raba ɗan wasa da halin da ya taka. Ɗalibar da aka ba matsayin muguwar kishiya ko matar banza a wasan da manufarsa gargaɗi ne, idan aka yanko daƙiƙa talatin daga cikin awa biyu aka watsa ba tare da abin da ya gabata ko ya biyo baya ba, tana iya fuskantar tambayoyi a gida da kuma wajen masu neman aurenta, har iyaye su hana ta sake hawa dandamali. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta amince cewa mai gabatar da wasa yana da iko a kan ɗaukar wasansa da yaɗa shi, saboda haka wanda ya ɗauka ba da izini ba ya taɓa haƙƙin wani, ko da zumunci ya nufa.

Sauran nau'o'in rashin ladabin sun girmi waya, kamar shigowa a makare ana jan kujeru, da kiran ɗan wasa da sunan tsokanar da ake yi masa a ɗakin kwana, da yi wa 'yan mata fito, da tashin gungun abokai su fice da zarar nasu ya gama fitowarsa, su bar sauran suna magana da kujeru.

Sai dai kuskure ne babba a ɗauka cewa maganin wannan shi ne a mayar da 'yan kallo kurame marasa motsi. Al'adar kallo cikin cikakken shiru ba daɗaɗɗiya ba ce ko a Turai. A zamanin Shakespeare masu ƙaramin kuɗi a tsaye suke kallo a filin da ke gaban dandamali da rana tsaka, suna ci suna sha suna tanka wa 'yan wasa, kuma sai a ƙarni na 19 aka saba da dushe fitilun wajen zama, al'adar da gidan wasan Richard Wagner na Bayreuth a Jamus, wanda aka buɗe a 1876, ya taimaka wajen kafawa. A wajen Bahaushe kuwa mai kallo abokin aiki ne tun asali. Tashen da yara da samari ke yi a watan azumi ba ya tafiya sai da amshi da dariyar mutanen gida, 'yan kama suna gina barkwancinsu ne a kan martanin taron, wasan gauta da matan fada ke yi suna kwaikwayon sarki da fadawansa a gaban waɗanda ake kwaikwayon ake yin sa, haka ma kalankuwar samarin ƙauye bayan kaka. Da aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello a tsakiyar shekarun 1970 a ƙarƙashin Michael Etherton, gidan wasan da wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Steven Ehrlich, ya tsara an gina shi ne da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, da ɗakuna kewaye da fili, yadda babu katanga tsakanin mai yi da mai kallo. Daga nan ne kuma aka riƙa tura ɗalibai cikin Samaru da ƙauyuka irin su Bomo da Maska, su tattaro matsalolin jama'a su mayar da su wasa, su gabatar a dandalin gari, inda ake so mutane su tsoma baki, su yi gardama, su ce ba haka abin yake ba.

Ke nan ba yawan sauti ne ma'aunin ladabi ba, inda hankalin mai kallo yake shi ne ma'auni. Dattijuwar da ta yi salati da ƙarfi lokacin da azzalumin cikin wasa ya ɗaga hannu, da saurayin da ya ce wa jarumi kada ya yarda, duk suna cikin labarin, kuma muryarsu ƙarfi take ƙara wa ɗalibin da ke wasan, domin ta shaida masa cewa saƙonsa ya isa. Wanda ya amsa kira yana faɗa wa wani inda yake, ko ya sunkuyar da kai yana latsa waya, ya bar wasan ne alhali jikinsa na zaune, kuma yana jan na kusa da shi su bar shi tare. Na farko ya gaji al'ada ce mai kyau da ya kamata makarantu su kiyaye, na biyu kuwa ba shi da hujja a al'adar Turai ko ta Hausa.

Manyan gidajen wasa na duniya sun sha fama da wannan. A watan Janairun 2012 jagoran makaɗan New York Philharmonic, Alan Gilbert, ya tsayar da kiɗa cak saboda wata waya da ta ƙi yin shiru a sahun gaba. A watan Yulin 2015 'yar wasa Patti LuPone ta fizge waya daga hannun wata mai kallo da ke ta aika saƙo a wani gidan wasa na birnin New York, kuma a wannan watan ne wani saurayi ya hau dandamalin wasan Hand to God don ya sa wayarsa caji a soket ɗin da ashe na ado ne. Bayan wata guda Benedict Cumberbatch, wanda ke taka Hamlet a Landan, ya roƙi masoyansa su daina ɗaukar sa bidiyo. Birnin New York ya kafa doka tun 2003 mai ɗauke da tarar dala 50 a kan amfani da waya a wuraren wasa, wasu gidajen kuma sukan kulle wayoyin mutane a jakunkunan kamfanin Yondr har a tashi. Waɗannan matakai na masu suna ne da masu kuɗi. Ɗalibin aji biyu ba zai iya tsayar da wasa ya tsawata wa taro ba, balle idan mai amsa wayar malaminsa ne ko babban baƙon da aka zaunar a kujerar gaba, kuma a gaskiya daga wannan sahu ne matsalar takan fi ciwo, domin na baya da su suke koyi.

Saboda haka nauyin yana kan sashen da ya shirya wasan, ba kan yaran da ke dandamali ba. Mutane da yawa ba da mugunta suke yi ba, ba a taɓa gaya musu ba ne cewa jarrabawa suke kallo, kuma sanarwa ta minti ɗaya da malami zai yi da Hausa da Turanci kafin a kashe fitila, yana bayyana cewa ana maraba da dariya da tafi amma a kashe waya, tana rage abin ƙwarai. Ya dace a sa wasu ɗalibai a bakin ƙofa da tsakanin layuka, su tsayar da wanda ya makara har a kai ƙarshen fitowa, su kuma yi wa mai waya magana cikin ladabi. Tunda sha'awar ajiye tarihi gaskiya ce, musamman ga iyayen da suka yi tafiya don ganin ɗansu, sai sashen ya ɗauki bidiyo guda da yardar 'yan wasan, ya kuma ware lokacin ɗaukar hoto bayan an gama. Wanda yake jiran kira na gaggawa, kamar likita ko mai majinyaci, a ba shi kujera kusa da ƙofa. Tilasta wa ɗaliban wasu sassa zuwa kallo don kawai a cika kujeru ko a rubuta sunan mahalarta shi ma yana buƙatar a sake duba shi, domin wanda aka kawo dole wayarsa zai koma wa.

Ga shugabannin sassa da manyan baƙi, roƙon shi ne su fara kashe tasu wayar a gaban kowa kafin su nemi hakan daga ɗalibai. Ga mai karatu kuma da za a gayyata kallon wasan ɗansa ko ƙanwarsa ko abokin karatunsa, ya isa da wuri, ya kashe wayar gaba ɗaya, ya zauna har fitowa ta ƙarshe ko da nasa ya riga ya sauka.