Hoton da ke cikin salular makiyayi

Jama'a masu saurare, a shirinmu na wannan mako mun roƙi makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka su turo mana hoton da suka fi so cikin waɗanda suka ɗauka da hannunsu, kowa ya ba da labarin nasa. Ba masu sana'ar hoto muka nema ba, mutanen da salula ce kaɗai kayan aikinsu. Hotunan biki da na Sallah sun zo, amma na dabbobi sun rinjaye su nesa ba kusa ba.

Wani ya turo jan rahaji mai dogon ƙaho da ya ɗauka a Ingal lokacin bikin lasar gishiri na watan Satumba. Wani ɗan kasuwar albasa kuma ya turo layin manyan motoci tsakanin Illela da Ƙonni, lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Hoton ba shi da kyau ko kaɗan, amma shi yake nuna wa masu binsa bashi su ga inda kayansa suka ruɓe.

Wanda ya fi jan hankalin masu buga waya shi ne na wata farar saniya bunaji mai tsagaggen kunne. Mai ita ya ce ɗansa ne ya ɗauke ta don wasa kawai. Bayan wata biyu ta ɓata, aka gan ta a tike a hannun dillali. Da aka kai maganar gaban sarkin tike, hoton nan aka ɗora kusa da saniyar, aka duba kunne da ƙaho, aka tsayar da ciniki. To, baffannina makiyaya, kun ga ke nan hoton dabba ya wuce abin kallo. Sai dai ba kowane hoto ke yin wannan aiki ba.

Farko dai, hoto ɗaya ba ya isa. A ɗauki gefen dama, a ɗauki na hagu, a matsa kusa a ɗauki fuska da ƙaho, sannan kunne da wurin lalas ko wani tabo da ta bambanta da shi. Bunaji dubu duk farare ne, tabon ne naka. Ya kamata kuma mai dabbar ko ɗansa ya fito a hoto ɗaya tare da ita a cikin ruga, don kowa na iya ɗaukar saniyar wani a kasuwa ya ce tasa ce.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi, rana tana bayan mai ɗauka. Da tsakar rana farar saniya sai ta fito fari fat, alamominta su ɓace. In hunturu ne, a goge idon kamara da gefen riga tukuna, ƙura ce ke sa hoto ya yi hazo.

Ga wani abu da da yawa ba su sani ba. Salula tana rubuta ranar da aka ɗauki hoto a cikinsa. In ka tura shi kai tsaye ta WhatsApp, ana matse shi ya rage kyau, wannan bayanin ranar kuma ya goge. In ka tura shi ta wurin da ake tura fayil, yana isa yadda yake. Kuma a tura wa ɗan'uwa a gari ya ajiye, ko a wanke shi a takarda, domin ɓarawon da ya kora garke ba ya barin salula.

Hoto dai ba ya maye gurbin shaidu da ardo, taimaka musu yake yi. Kuma don Allah, a shingen soja ko na jandarma ko ofishin duwan, a bar salula cikin aljihu; ana ƙwace ta, wani lokacin har a tsare mai ita. Mata a bakin rijiya ma, a nemi izininsu kafin a ɗaga kamara.

Mako mai zuwa raƙuma ne da tumaki. Masu zuwa Maigatari ranar Alhamis, muna jiran naku.