Kasuwar kabon: kafin manomin Madarunfa ya dangwala yatsa

Gawo da kalgo da aduwa da ke tsaye cikin gonakin hatsi na Madarunfa aikin sassaben zamani ne, dabarar da ta bazu daga yankin Maraɗi tun wajajen 1984: manomi ya ƙyale kututture ya toho, ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwan da suka farfaɗo ta haka a kudancin Nijar sun kai miliyan 200. To, yau waɗannan itatuwa sun samu masu taya su daga nesa. Itace yana zuƙar iskar kabon mai ɗumama duniya, kamfanonin da ke turnuƙe sama da hayaƙi kuwa suna biyan kuɗi a kan kowane tan da aka tabbatar ya riƙe. Cinikin ba laifi ba ne, amma shirinmu bai kai ba tukuna.

Abin da dillalai ba su cika faɗa ba shi ne, kasuwar tana biyan ƙarin da aka samu ne bayan an ƙulla yarjejeniya. Gawon da kaka ya raina shekara talatin, galibi ba ya cikin lissafi. Sannan yarjejeniyar kan ɗaure mutum shekara ashirin, talatin, ko fiye: in ya sare itacen don yin rumbu ko don ya sayar a baƙar shekara, ya karya alkawari. Sai babbar tambaya, wa ke da itacen? Dokar da gwamnati ta fitar a 2020 ta amince wa manomi da itacen da ya raina a gonarsa, kuma ci gaba ne na gaske. Amma gonaki nawa ke da takardar shaida daga kwamitin kula da filaye? Na aro da na jingina fa? A dajin Baban Rafi lamarin ya fi sarƙewa, domin makiyaya da masu saran itacen wuta da mata masu tsintar ƴaƴan itace duk suna ci daga gare shi, kuma ba lallai sunansu ya hau takarda ba.

Wani zai ce da babu gara ba daɗi. Sai dai Nijar ta taɓa gwadawa: aikin dashen dakwara, itacen ƙaro, wanda Bankin Duniya ya yi alkawarin sayen kabon ɗinsa, ya ɗauki fiye da shekara goma kafin kuɗin ya isa ƙauyuka. Awon itace da tantancewa suna da tsada, kuma daga cikin kuɗin ake cire su. Wani kuma zai kawo misalin Humbo a Habasha, inda irin wannan sassabe ya kawo kuɗin kabon. Gaskiya ne, amma can sai da manoma suka kafa ƙungiyoyi, hukuma ta ba su haƙƙin daji a rubuce.

Don haka duk wanda aka kawo wa takarda, ya nemi a karanta masa ita da Hausa gaban maigari da ma'aikatan gandun daji. Ya tambayi shekarun da za ta ɗaure shi, kasonsa cikin ɗari, ranar biya, da ko zai ci gaba da sassabe da yanka wa dabbobinsa ganye. In amsa ba ta fito fili ba, kada ya dangwala.